Borin jini: yadda garkuwar jiki ke tayar da yaƙi a kan abin da ba maƙiyi ba

Kyanwa ta shigo ɗaki, mutum biyu na zaune. Ɗaya ya miƙa hannu ya shafa bayanta, bai ji komai ba. Ɗayan ko kusa da ita bai je ba, amma kafin minti goma ya fara jera atishawa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, hanci na zuba, maƙoshi na ƙaiƙayi. Iska ɗaya suka shaƙa, abu ɗaya ya shiga hancinsu: wani furotin da ke cikin yawun kyanwa da maiƙon fatarta, wanda take baza shi a gashinta idan tana lasar jiki, ya bushe ya bi iska. Furotin ɗin ba guba ba ne, ba ya hayayyafa, ba ya cin nama, ba ya kai wa kowace gaɓa hari. Duk wahalar da mutum na biyu ya sha, tun daga hawaye har toshewar hanci, jikinsa ne ya haɗa masa ita.

Wannan shi ne borin jini, ko alaji kamar yadda ake faɗa a asibiti. Mutane da dama suna ɗaukarsa alamar raunin garkuwar jiki, har su bazama neman abin da zai ƙara mata ƙarfi. Ƙarfi kam tana da shi, shi ne ma ya jawo matsalar. Inda ta kuskure shi ne wajen tantance wane ne maƙiyi. Kuma wannan kuskure koyonsa jiki ke yi. Ba a haihuwar jariri da borin gyaɗa ko na kifi. Abin da ake gada daga iyaye shi ne saurin faɗawa cikin matsalar, shi ya sa za ka ga uwa na fama da asma, ɗanta na fama da ƙaiƙayin fata, jikarta kuma ƙwai ne ba ta ci. Gida ɗaya, hali ɗaya, amma kowa da abin da jikinsa ya tsana.

An gano cewa koyo ake yi ta hanyar da ba wanda ya zata. A 1901 wasu masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, suka bi jirgin ruwan Yariman Monako suna nazarin dafin wasu halittun teku masu harbi. Da suka koma Faris sai suka ci gaba da aikin a kan karnuka, da nufin su saba musu da dafin kaɗan-kaɗan, kamar dai yadda allurar rigakafi ke yi. Aka yi wa kare allurar farko, ya jure, ya warware sarai. Bayan 'yan makonni aka sake yi masa 'yar kaɗan, wadda ba ta isa ta kashe shi ba ko kusa. Cikin daƙiƙu numfashi ya sarƙe, ya faɗi, amai da gudawa suka biyo baya, kafin rabin awa ya mutu. An je neman kariya an samo akasinta. A 1902 suka bayyana sakamakon, suka kira abin anafilaksis, a 1913 kuma Richet ya samu kyautar Nobel a kansa. Darasin da ke ciki shi ne cewa haɗuwar farko ba ta wuce a banza ba. Ta bar wani abu a jikin karen, wanda ya zauna yana jira.

Mene ne wannan abu? A 1921 wasu likitoci biyu a Jamus suka matso kusa da amsar. Heinz Küstner ba ya iya cin dafaffen kifi sai jikinsa ya tashi. Abokin aikinsa Carl Prausnitz kuwa lafiyarsa lau da kifi. Sai aka ɗebi ruwan jinin Küstner aka yi wa Prausnitz allurarsa a cikin fata, washegari aka sa ɗan ruwan kifi a daidai wurin. Wurin ya kumbura ya yi ja, sauran jikinsa kuwa shiru. Ke nan akwai wani abu a cikin jini da za a iya ɗauka daga wani a kai wa wani, ya je ya maƙale a fata. Sai da aka ƙara shekara arba'in da 'yan kai kafin a kama shi, saboda ƙarancinsa. Ma'aurata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, da ke aiki a Amurka, da kuma Gunnar Johansson da Hans Bennich a Suwidin, su ne suka zaƙulo shi a tsakanin 1966 da 1967, a 1968 aka tabbatar masa da sunan IgE. Cikin nau'o'i biyar na antibodi, wato furotin da jiki ke ƙerawa don cafke baƙon abu, shi ne mafi ƙaranci a jini, da tazara mai yawan gaske.

Ga yadda abin ke tafiya, mataki-mataki.

Duk inda jiki ke haɗuwa da waje, wato fata da hanci da hanyoyin huhu da hanji, akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rassa da ke zaune a ƙarƙashin shimfiɗar farko. Aikinsu ɗibar samfuri. Duk furotin da ya ratso sai su haɗiye shi, su daddatsa shi, su bi hanyar ruwan jiki zuwa kaluluwa mafi kusa, su nuna gutsattsarin ga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T. Su ƙwayoyin T su ne masu yanke hukunci. A jikin mafi yawan mutane hukuncin da ake yanke wa ƙurar fure ko furotin ɗin madara shi ne a ƙyale shi. Ƙyalewar nan ma aiki ce: akwai wani rukuni na ƙwayoyin T da ba su da sana'ar da ta wuce kwantar da hankalin sauran, kuma hanji ya fi ko'ina iya samar da su. Ba don haka ba da kowace loma sai ta tayar da tarzoma, tunda duk abin da muke ci baƙo ne ga jiki.

A jikin mai alaji hukuncin ne ke karkacewa. Ƙwayoyin T sai su ɗauki wani salo da masana ke kira Th2, su fara sakin saƙonnin sinadari irin su IL-4 da IL-13. Saƙon ya isa ga ƙwayoyin B, masu ƙera antibodi, ya ce musu su ƙera IgE da ya dace da siffar wannan furotin shi kaɗai. IgE ɗin ba ya daɗewa yana yawo a jini, kwana biyu ko uku ne. Sai ya nemi ƙwayoyin mast, waɗanda Paul Ehrlich ya fara bayyana su a 1878, ya manne a bayansu, inda zai iya zama makonni har watanni. Ƙwayoyin mast suna jibge ne a daidai waɗancan wurare: cikin fata, bangon hanci, hanyoyin iska, hanji, gefen jijiyoyin jini. Idan aka duba ɗaya a madubin likita za a gan ta maƙil da ƙananan jakunkuna, kowacce cike da sinadarai masu tayar da kumburi.

Duk wannan yana faruwa mutum bai sani ba. Babu atishawa, babu ƙuraje. An ɗana tarko ne kawai, ana jiran wanda zai taka. Shi ya sa mutum zai rantse cewa ya sha cin abu kaza bai taɓa yi masa komai ba sai yau, kuma gaskiya ya faɗa.

Ranar da furotin ya dawo, sai ya tarar da dubban IgE a tsaye a bayan kowace ƙwayar mast. Taɓa guda ɗaya ba ya wadatarwa. Sai ya kama biyu a lokaci ɗaya ya haɗa su, wannan haɗin ne ke aika saƙo zuwa cikin ƙwayar. Cikin daƙiƙu jakunkunan nan su matso bango su zazzage abin da ke cikinsu. Fitacce a ciki shi ne histamin, wanda Henry Dale da abokin aikinsa suka fara bayyana aikinsa a 1910. Histamin yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, wuri ya yi ja ya yi ɗumi. Yana sa bangonsu ya saki, ruwa ya tsatso cikin nama, wuri ya kumbura. Yana tsokanar jijiyoyin ji, a ji ƙaiƙayi ko a yi atishawa. Yana sa naman da ke kewaye da hanyoyin iska ya tsuke, yana kuma ƙara yawan majina. A cikin 'yan mintuna ƙwayar ta ƙera wasu sabbin sinadarai da ba ta ajiye ba tun farko, irin su lukotirin, waɗanda suka fi histamin iya matse hanyar numfashi nesa ba kusa ba.

Sinadaran iri ɗaya ne a ko'ina, wurin da aka zubar da su ne ke ba ciwon suna. A hanci da ido ya zama atishawa da hawaye. A fata ya zama rudu-rudun kumburi mai ƙaiƙayi da ke tashi nan ya kwanta ya ɓullo can. A huhu ya zama asma, numfashi na fita da ƙara. A hanji ya zama murɗar ciki da amai da gudawa. Wanda ya taɓa ganin gwajin fata a asibiti ya ga abin ƙuru-ƙuru: a jera ɗigo-ɗigo na ruwan abubuwan da ake zargi a damtse, a ɗan tsaga fata ta cikin kowane ɗigo, a jira minti goma sha biyar. Inda akwai IgE sai wani ɗan tudu fari ya taso kamar cizon sauro, ja ya kewaye shi. Sauran wuraren su zauna yadda suke.

Rikicin bai ƙare a nan ba. Ƙwayoyin mast suna kuma aika kira ga wasu fararen ƙwayoyin jini, musamman iyosinofil, su taso daga jini su shigo wurin. Zuwansu na ɗaukar awoyi, galibi shida zuwa takwas. Shi ya sa mai asma zai shaƙi ƙura da rana, ya shaƙi maganinsa ya samu sauƙi, tsakar dare kuma ƙirji ya sake ɗaurewa alhali ba ya kusa da ƙurar. Wannan zagaye na biyu ne ya fi yin ɓarna mai ɗorewa. Idan ana maimaita shi wata da watanni, bangon hanyar iska sai ya yi kauri, ya zama mai saurin fushi, har abin da ba shi da alaƙa da alaji, kamar hayaƙi ko iska mai sanyi ko turare mai ƙarfi, ya riƙa tayar da shi. Magungunan da ke tare histamin ba su da tasiri sosai a kan wannan mataki, shi ya sa likita ke ba da maganin shaƙa ko na fesawa a hanci mai sitiroyid, ya ce a yi amfani da shi kullum ko da an ji sauƙi. Mutane da yawa suna ajiye shi da zarar numfashi ya daidaita, su riƙe na gaggawa kawai. A ganina wannan na cikin manyan kura-kuran da ake yi da asma, domin kumburin na nan a ciki ko ba a ji shi ba.

Idan kuwa furotin ya shiga jini kai tsaye, ta harbin zuma ko rina, ko allurar magani, ko abincin da hanji ya tsotse, ƙwayoyin mast na duk jiki na iya fashewa a tare. Abin da ya kashe karen Richet ke nan. Jijiyoyin jini su buɗe gaba ɗaya, ruwa ya fice daga cikinsu, awon jini ya faɗi warwas. Harshe da maƙogwaro su kumbura, murya ta dushe, huhu ya matse. Mutum kan ji jiri da wani irin tsoro da ba ya iya fassarawa. A nan ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta ceto, tana da nawa kuma ba ta buɗe maƙogwaro ko ɗaga awon jini. Abin da ke ceto shi ne allurar adirenalin a naman cinya ta gefen waje, da wuri: tana tsuke jijiyoyin jini, tana buɗe hanyoyin iska, tana ƙarfafa bugun zuciya, tana kuma hana ƙwayoyin mast ci gaba da zuba. A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya a bar shi ya zauna, amma kada a miƙar da shi tsaye ko a sa shi tafiya. Ko ya farfaɗo sai an kai shi asibiti, saboda wani lokaci abin kan dawo bayan awoyi.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: me ya kawo makami mai haɗari haka cikin jiki tun farko? Amsar da ta fi karɓuwa ita ce tsutsotsi. Ƙwayar cuta ƙarama ce, farar ƙwayar jini za ta iya haɗiye ta. Tsutsar ciki ta fi ƙarfin haɗiya. Sai dai a kore ta: a cika wurin da majina, a sa hanji ya murɗa ya tura, a sa tari, a sa ƙaiƙayi don a sosa a cire abin da ya maƙale a fata, iyosinofil kuma su manne mata su zuba mata sinadarai masu ƙuna. Duba jerin nan da kyau, alamomin alaji ne ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma masu ganin cewa dafi da guba na cikin dalilan. Margie Profet ta kawo wannan ra'ayi a 1991, a 2013 kuma wasu bincike biyu a jami'o'in Stanford da Yale suka nuna cewa ɓerayen da aka fara yi wa ɗan dafin zuma sun samu kariya daga baya, kuma IgE na da hannu a kariyar. Ra'ayoyin biyu ba sa karo da juna. Dukansu na nuna cewa an tanadi wannan sashe na garkuwa ne don fitar da abu daga jiki da sauri, kuma sauri ba ya tafiya da dogon bincike.

Wannan ma yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa wasu furotin ƙalilan ne ke jawo mafi yawan matsalar, cikin dubbai da muke haɗuwa da su. Ɗauki ƙwaron ƙura, wanda masu bincike a Holan suka gano a 1964 cewa shi ne babban mai laifi a ƙurar cikin gida. Tsawonsa bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa, yana zaune cikin katifa da matashin kai da kafet yana cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikin mutane, kuma yana son laima. Ba cizo yake yi ba. Kashinsa ne matsalar. A cikinsa akwai wani sinadarin narkar da abinci da ke iya yanka ɗinkin da ya haɗa ƙwayoyin bangon hanyar iska, ya buɗe wa kansa ƙofa. Tsutsotsi ma da irin wannan sinadari suke huda nama. Don haka idan garkuwa ta ɗauki kashin ƙwaro a matsayin mahari, ba ta rasa hujja gaba ɗaya ba.

IgE siffa yake ganewa, ba ya tambayar daga ina abu ya fito. Wani furotin na tsoka da ke jikin ƙwaron ƙura da kyankyaso ya yi kama sosai da wanda ke jikin jatan lande da kaguwa, shi ya sa wani mai alajin ƙura kan samu matsala da su. Wani mai alajin safar hannu ta roba kan ji baki na ƙaiƙayi idan ya ci ayaba. Mafi ban mamaki shi ne na jan nama. A kudu maso gabashin Amurka da gabashin Ostireliya likitoci sun lura da mutanen da suka shekara suna cin nama lafiya, kwatsam suka fara tashi cikin dare da kumburi da sarƙewar numfashi, awa uku zuwa shida bayan cin naman sa ko na rago. Da aka bi diddigi sai allura ta tono garma: cizon kaska ne. Yawun kaskar na ɗauke da wani nau'in sukari mai suna alfa-gal, wanda ke jikin dabbobi masu shayarwa amma babu shi a jikin ɗan Adam. Ta baki an sha cin sa ba abin da ya faru. Da ya shigo ta fata, tare da raunin cizo, sai hukunci ya canja. Kaza da kifi ba su da shi, don haka ba sa tayar musu.

Labarin kaska ya kai mu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a wannan fage: ƙofar da abu ya fara shigowa ta ciki, da lokacin da ya shigo. Hanji ya fi karkata ga koyar da haƙuri. Fata mai rauni ta fi karkata ga koyar da gaba. A 2006 masu bincike a Sikotilan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar gadon da ke ƙera wani furotin mai suna filagirin, wanda ke taimakawa wajen rufe saman fata, tana da alaƙa mai ƙarfi da ciwon bushewar fata mai ƙaiƙayi da ake kira egzima, da kuma asma. Jaririn da fatarsa ta tsattsage, ƙurar abincin da ke hannun masu ɗaukarsa da shimfiɗarsa na iya ratsawa, garkuwarsa ta fara sanin ƙwai ko gyaɗa ta nan, kafin ya taɓa ɗanɗanawa.

An daɗe ana ba da shawara akasin wannan fahimta. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 hukumomin lafiya a Birtaniya da Amurka suna cewa a nisanta yaran da ke cikin haɗari daga gyaɗa har su kai shekara uku. Ga alama hankali zai ɗauka. Amma an gudu ba a tsira ba, alajin gyaɗa bai ragu ba. Gideon Lack, likitan yara a Landan, ya lura cewa yaran Yahudawa a Birtaniya sun ninka takwarorinsu na Isra'ila kusan sau goma wajen alajin gyaɗa, alhali asalinsu ya yi kusa, kuma a Isra'ila ana ba jarirai abin taɓawa mai gyaɗa tun suna 'yan watanni. Sai ya shirya gwaji da jarirai 640 masu tsananin egzima ko alajin ƙwai, 'yan wata 4 zuwa 11. Rabi aka riƙa ba su gyaɗa a kai a kai, rabi aka hana su. Da suka cika shekara biyar, kusan kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka hana sun kamu, waɗanda aka ba kuwa kusan kashi 3. An buga sakamakon a 2015, a 2017 Amurka ta juya shawararta. Abin lura dai, ba a ba jariri ƙwayar gyaɗa sukutum saboda shaƙewa, kuma mai tsananin ciwon fata ko wanda ya taɓa nuna alama sai likita ya duba shi tukuna.

Batun lokaci ya wuce abinci. A 1989 David Strachan ya bi bayanan yara sama da 17,000 a Birtaniya, ya ga cewa yawan yayyen da yaro ke da su na tafiya da raguwar alajin hanci. Daga nan aka fara zancen cewa tsafta ce ta yi yawa, zancen da aka karkatar da shi har wasu suka ɗauka ana nufin a bar wanke hannu ko a bar yara su kamu da cututtuka. Abin da bincike ya fi nunawa daga baya shi ne muhimmancin cuɗanya da ƙananan halittu marasa cutarwa na ƙasa da dabbobi da hanji tun ana jariri, domin su ne ke horar da ƙwayoyin nan masu kwantar da hankali. A 2016 aka kwatanta yaran al'ummomin manoma biyu a Amurka, Amish da Hutterite, masu asali da salon rayuwa kusan iri ɗaya. Na farko suna noma da dawakai, garkensu na dab da gida. Na biyu suna noman injina, dabbobi na nesa da yara. Asma a yaran Amish ta yi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ta ɗaya ɓangaren, kuma da aka shaƙa wa ɓeraye ƙurar gidajen Amish sai ta kare su daga asmar gwaji.

Yanayi ma kan tsoma baki. Ranar 21 ga Nuwamban 2016 hadari ya taso a birnin Melbon na Ostireliya a lokacin da ciyawa ke fure. Laima ta farfasa ƙurar furen zuwa gutsattsari ƙanana da ke iya wuce hanci su gangara can cikin huhu, iska ta watsa su a gari. Dubban mutane suka cika asibitoci cikin dare ɗaya, mutum goma suka rasu, da yawa daga waɗanda abin ya kama kuwa atishawa kawai suka sani a da.

Akwai ruɗani biyu da ya kamata a raba. Wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa galibi ƙarancin sinadarin narkar da sukarin madara ne ke damunsa, garkuwa ba ta da hannu a ciki, kuma ba ya kai ga sarƙewar numfashi. Na biyu, samun IgE a gwajin jini ko na fata ba shi ne ciwon ba. Mutane da yawa gwaji na nuna suna da shi amma suna cin abin lafiya lau, kuma hana su ci na iya ma ɓata haƙurin da jikinsu ya riga ya koya. Haka batun fenisilin: cikin masu cewa ba ya karɓarsu, idan aka yi gwaji na tsanaki, kusan tara cikin goma ba su da alajin. Sau da yawa ƙurajen wata cuta ce ta yarinta aka ɗora wa maganin, sunan ya bi mutum har girma, ana ta ba shi magungunan da ba su kai shi dacewa ba.

Magungunan yau da kullum kowanne na tare wani mataki ne a wannan sarƙa. Masu tare histamin, waɗanda aikin Daniel Bovet a Faris a 1937 ya buɗe musu hanya, suna toshe wurin da yake sauka. Tsofaffin cikinsu suna sa barci saboda suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, inda histamin ke da wani aiki dabam na riƙe mutum a farke. Sababbin ba su cika ratsawa ba. Akwai kuma allurar omalizumab da aka amince da ita a Amurka a 2003 don asma mai tsanani, wadda ke kama IgE tun yana yawo a jini kafin ya manne, a 2024 aka faɗaɗa ta zuwa alajin abinci.

Hanya ɗaya ce dai ke komawa kan hukuncin kansa. Tunda koyo aka yi, ana iya sake karatu. A 1911 Leonard Noon da John Freeman a Landan suka fara yi wa masu alajin ciyawa allurar ruwan ƙurar fure, daga ɗan mitsitsi ana ƙarawa sannu a hankali. Yau ana yin hakan da allura ko da ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe. A tsawon lokaci ƙwayoyin T masu kwantar da hankali suna ƙaruwa, ƙwayoyin B suna komawa ƙera wani antibodi mai suna IgG4, wanda ke cafke furotin ɗin a hanya kafin ya isa ga IgE. Ana ɗaukar shekara uku zuwa biyar, kuma a gaban likita ake yin allurar, a zauna jira kamar rabin awa, domin abin da ake ba mutum shi ne ainihin abin da zai iya sarƙe shi. Ga dafin zuma da rina tana kare mafi yawan waɗanda suka kammala. Ga ƙurar fure da ƙwaron ƙura sauƙin kan ɗore shekaru bayan an daina. Ga abinci kuwa nasarar ta fi taƙaita: tana ɗaga adadin da mutum zai iya jurewa idan ya ci bisa kuskure, amma da yawa sai sun ci gaba da cin ɗan ƙayyadadden kason a kai a kai, in suka bari kariyar ta ja baya.